Wandon Da Bai Kai Gwiwa Ba

"…lafiya lau! Kai, ɗago ka gaida uwar ɗakinka mana!"

Tela bai ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba. Tun daga ƙarar takalmi ya san taubashiyarsa ce, malamar asibiti, wadda jibi za ta tashi da tagwayenta zuwa ƙasar da mijinta ke aiki. Mijin ya aiko da kashedi: a can yaro ba ya fita da gwiwa a buɗe, kuma fararen kaya na makoki ne.

"Uwar ɗakin wa? Baiwata dai. Ga kayan 'ya'yanki can."

Ta zazzage leda a tebur, ta ɗaga wando ɗaya da yatsu biyu.

"Na shiga uku! Wannan wando ne ko jakar waya? Cewa na yi ya rufe gwiwa!"

"Ran da na auna su ya rufe. Su suka yi tsawo."

"Cikin kwana biyar? Yadina ka cinye, ɓeran shago!"

"Rashin sani ya fi dare duhu. Yayi ke nan, 'yar ƙauye."

"Wannan farar rigar fa? So kake muna sauka a fara yi mana ta'aziyya?"

"Ai duk ƙasar da kika sauka, mutanenta za a yi wa ta'aziyya."

Ta buɗe baki za ta rama, sai muryarta ta sauka. "Don Allah bar wasa. Ranarsu ta farko ce cikin baƙi. Ba na so a nuna min su da yatsa."

Tela ya ji ya kusa wuce gona da iri. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wata leda: dogayen wanduna, riguna masu hannu, shuɗi da kore, an goge an ninke.

"Waɗancan na jaririn maƙwabci ne. Idonki kawai na so in gani."

"Mugu! Allah ya haɗa ka da mai yi maka ɗinki irin naka!"

"Abu ɗaya ne ya gagare ni. An ce a can baki ma rufe shi ake yi, kuma allurata ba ta huda naki."

Dariya ta ƙwace mata har ta zube a benci, rungume da ledar. Ta ciro kwalbar turare daga jaka ta ajiye masa a kan keke.

"Ungo, yau kai ka ci wasan. Shafa, ko shagon ya huta da warinka."