Yadda Za Ka Kwana a Texas Ba Tare da Ka Bar Malesiya Ba

Ɗan'uwa ɗalibi, idan bakinka ya taɓa suɓucewa ka gaya wa budurwa a gida cewa a Amurka kake karatu, alhali Kuala Lumpur babanka ya turo ka, share gumi ka zauna. Bi matakan nan, na lamunce maka ko limamin unguwarsu sai ya yarda a ƙasar kaboyi kake. An jarraba su a kan maƙwabcina Zahraddeen, ɗan Kano, da muka zauna bene ɗaya a unguwar Titiwangsa a 2006. Shi ne ya ce wa Rufaida, wadda har an kai kuɗin gaisuwarta, yana Texas. Ita kuwa ta ce a turo hoto.

1. Nemi masauki na katako

Manta da otal-otal ɗin Bukit Bintang na tsakiyar birni, kaboyi ba ya kwana a bene. Hau bas ka fita bayan gari. A gefen wata gonar kwakwar manja akwai wani dattijon ɗan Sin, Uncle Lim, mai ɗakunan katako na haya, ya kafa ƙahon bijimi a bakin ƙofa, ya sa wa wurin suna Gidan Gonar Kaboyi.

Kada ka tafi kai kaɗai. Ƙarya mai kyau tana buƙatar mai riƙe mata kyamara. Zahraddeen ya ja Gamaliel, ɗan Jos, wanda ya ƙoshi da finafinan kaboyi tun yana firamare.

2. Yi shiga, ka haƙura da zafi

Malafa, dogon takalmi, da rigar fata. Na sani, a ƙasar nan ko singileti nauyi take yi. Amma gumi bushewa yake, hoto kuwa sai jikoki.

"Mutumina, cire rigar nan kafin ka dahu," in ji Gamaliel.

"Ɗauka kawai," in ji Zahraddeen. "Hajiya Hureira ce za ta fara ganinsa." Wato mahaifiyar Rufaida, 'yar kasuwar da ke gane jabun leshi daga tsallaken titi.

3. San abin da za ka ɓoye a ɗaki

Ɗakin zai yi warin jiƙaƙƙen katako, fankar kuma tana juyi kamar an yi mata dole. Duk wannan ba ya fita a hoto. Abin da ke fita shi ne kibiyar alƙibla da ake mannawa a silin, da butar banɗaki, da silifas ɗinka. Kawar da abin da ke kawuwa, sauran ka ba shi baya.

Da safe Uncle Lim zai ƙwanƙwasa yana kiran "Kaboyi, makan lah!" wato zo ka ci abinci, riƙe da shinkafar kwakwa a ganyen ayaba. Cinye, ka goge baki, sannan a ɗauke ka da kofin gahawa kana hangen nesa. Malafa kuma kada ka ajiye ta a baranda. Biri ya ɗauki ta Zahraddeen, sai da aka fanshe ta da ayaba.

4. Hau dokin

Doki ɗaya ne a gidan, tsoho, ya ga duniya ya gaji da ita. Kada ka ce ba ka iya ba. Zahraddeen bai taɓa hawan ko jaki ba, amma da Uncle Lim ya tambaye shi, ƙirji ya buga ya ce, "Boleh!", wato zan iya.

Yana zama aka kece da ruwa. Dokin, wanda ba ya son jiƙa, ya tuna ƙuruciyarsa, ya zabura cikin gonar. Zahraddeen ya rungume wuyansa yana salati yana kiran Ummansa, Gamaliel na biye a guje yana latsa kyamara. A cikin tarin hotunan an samu ɗaya da bakinsa ke buɗe kamar mai kirari. Shi za ka aika. Yanke bishiyoyin manjan daga hoton tukuna.

5. Kiyaye harshe

Tura hoton daga kafen intanet, kira kuma da katin waya don lamba ta ɓuya. Iyakacin abin da ya rage bakinka ne. Zahraddeen ya taɓa ƙarasa magana irin ta 'yan Malesiya, ya ce, "Ina kewarki lah."

"Mene ne lah?" in ji Rufaida.

"Haka makiyayan nan suke ƙarasa magana."

Ta yarda. Hoton ya shiga firam, ya hau bangon falon Hajiya, baƙi na zuwa kallo. Ka ga amfanin bin shawarar masana.

6. Idan ka yi kiciɓis da suruka

Bincika inda surukarka ke sarin kaya. Wannan matakin ne Zahraddeen ya tsallake. Wata Asabar da hantsi ya shiga mamak, shagon shayin Indiyawan nan na Bukit Bintang, sai ga Hajiya Hureira zaune, jakunkunan mayafai kewaye da ita. Ashe shekara da shekaru nan take sari.

Ya zube ƙasa. "Barka da hutawa, Hajiya. Ratse muka yi, jirginmu ya tsaya shan mai."

Bai rufe baki ba mai shayi ya dire masa kofi da gurasar roti ba tare da an tambaye shi ba, ya dafa kafaɗarsa, ya ce da Malayanci, "Irin na kullum, boss." Hajiya kuwa tana jin Malayancin kasuwa.

"Shi ma wannan tare kuka taso daga Texas?" Ta tura masa jakunkunan da ƙafa. "Ɗauki, kaboyi."

Mako guda yana mata dako daga kanti zuwa kanti, ba ta ƙara tayar da zancen ba. Sai a filin jirgi ta ce, "Ko ka gaya mata kafin in sauka Kano, ko in gaya mata a gaban ƙawayenta."

7. Kira

Ya kira Rufaida, ya faɗi komai. 

"Ka san abin da ya fi ci mini rai?" ta ce. "Har rigar sanyi na saya, mai gashi a wuya. Kullum sai na kulle ɗaki na gwada ta a madubi."

Da aka mayar wa iyayensa kayan gaisuwa, rigar ce a saman akwati, a ninke.

Gargaɗi

Marubucin nan bai san ka ba, bai aike ka ba. Cizon sauro, targaɗe, fushin suruka da mutuwar neman aure duk naka ne kai kaɗai. In magabatanka suka zo nemana, ka ce musu ina Kanada.