Gobarar da ta Hau Motar Kasuwa

Bangon da ya raba ni da Halmoni Bok-rye, wato Kaka Bok-rye, bai fi faifai kauri ba, don haka ban sha wahalar jin komai ba ranar da jikanta Gi-tae ya diro da hantsi. Shi ke bin dajin bayan ƙauyenmu yana manna wa bishiyoyi 'yan na'urorin kai ƙarar gobara. Ba sa cin batir, zafi ne abincinsu. Da gefe ɗaya ya ɗau zafi ɗayan na sanyi, sai su farka su kira ofis.

"...lafiya lau, ɗan kwikwiyona. Ka ci abinci kuwa? Dubi wuya kamar mariƙin lema."

"Halmoni, bar zancen wuya. Jiya gobara ta sauko daga dutse da ƙafarta."

"To fa!"

"Ta jira a bakin titi, ta hau mota, ta sauka a kasuwar Yangyang. Motocin kashe gobara na biye da ita da jiniya."

"Gobara mai tarbiyya. Ta biya kuɗin mota?"

"Tsofaffi kyauta suke hawa. Ta taya busasshen kifi, ta raina, ta wuce gidan wanka."

"To ai ta kashe kanta da kanta. Me kuma kuke nema?"

"Aikina ake nema! Shugabanmu ya ce ko in kawo na'urar da ta ɓata yau, ko in ajiye hular aiki."

"Dama hular ta fi kan amfani."

"Mene ne a ƙunshin nan?"

"Gasasshen dankali."

"Dankali mai eriya?"

"Sabon iri ne. Kai da ba ka taɓa riƙe fartanya ba, me ka sani?"

Na ji ƙarar kwance ƙunshi, na ji an bugi hannu.

"Marainiya na tsinta tana rawar sanyi! Da bakinka ka ce zafi take ci. Ka liƙe 'yar mutane a bishiya ba loma ba makwarwa, na goya ta da dankali, shi ne laifi?"

"Yunwarta ita ce zaman lafiyarmu, tsohuwa! Ranar da ta ƙoshi, mun ƙone."

"Haka kakanka yake. Shi ma in ya ƙoshi sai ihu."

Da Gi-tae ya sake magana, muryarsa ta yi laushi irin na mai ɗana tarko.

"Halmoni, ga su nan birjik a bakin hanya, duk marayu. Gwiwar da kike cewa ta riga ki mutuwa, me ya kai ta can ƙuryar daji ta zaɓo wannan ɗaya?"

Na ƙara manna kunne. Kowa ya san Bok-rye na da wurin da take tsinko songi, naman kazan da kwando guda ke sayen maraƙi. Mijinta ya mutu bai san wurin ba. Ɗanta ya bi sawunta sau ɗaya, ta zagaya da shi har faɗuwar rana.

"Iska na je sha."

"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

"Ku da takalmanku kamar kofaton jaki! Ku riƙa zuwa dubiyarta kuna tattake min..."

"Tattake miki me?"

"Ciyawa."

"Ashe gadona na manna wa na'ura ban sani ba! Bishiyar da ke bayan..."

Sauran maganar ta maƙale. Da alama dankali ya shiga baki, da zafinsa.

Da ya haɗiye ya ce, "Kin ga dutsen gabas bayan gobarar bara. Ko jikokina ba za su tsinci songi a can ba. Wa zai farka ya yi wa naki ihu?"

Can na ji an buɗe tukunya, ƙamshin songi ya ratso bango.

"Ungo, toshiyar baki. Ka mayar da ita, kai kaɗai, ba takalmi. In ka yi tari a gaban ubanka, na tsine wa hularka."

Ya fito yana dariya. Ta rako shi bakin ƙofa, ta ɗaga murya yadda ba zan rasa ko harafi ba.

"In da saura, kawo guda ka manna a bangon nan. Kunnen maƙwabcina ya kusa kamawa da wuta."