Ranar da Na Gano Guba a Jinin Kumandan

Ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar da kumandan, babban sojan yankinmu, ya zo labo ɗinmu, wato ɗakin gwajin jini, a Gaya ba.

Bayan sojoji sun karɓi mulki aka kawo mana wata 'yar na'ura. Ana ɗiga jini a tsinken roba, a zura mata. In wani sinadari na jini da ake kira anzim yana aiki, sai ta yi haske. In maganin feshi ya kashe shi, kamar yadda yake yi wa manoman shinkafar bakin kogi, sai duhu. Ni ne shef, wato shugaban labo, shekara goma sha biyar, amma Ramatu, wadda ni na koya wa riƙon allura, ita aka tura Yamai koyon aikin na'urar. Ta dawo kowa sai "Madam Haske". Wallahi ko tuwo ya daina yi mini daɗi, kujerata kawai nake gani tana rawa.

Da na ji kumandan zai zo gani, tun ana gobe na ɗebi tsinkaye daga sanyin firigo na kulle a durowata, don ni zan fara gwadawa. (Ramatu ta sha cewa zafi na lalata su. Na ɗauka iyayin 'yan Yamai ne.)

Ya iso da sojoji biyu. Na yi caraf na tsira masa allura a yatsa, na zura tsinke. Duhu. Na sake. Duhu dai.

Maimakon in kama bakina, sai na gyara murya na ce, "Mon kumandan, akwai guba a jininka."

Wani soja ya gyara riƙon bindiga ya ce, "Wa ya ba shi ruwa da muka shigo?"

Ni ne na ba shi.

Nan take Ramatu ta ɗauko tsinke mai sanyi daga firigo, ta ɗiga jinin, na'ura ta haska tarwai. Ta ce, "Lafiyarka lau, ranka ya daɗe. Baba so ya yi ka fara ganin tsinken da ya sha zafi."

Kumandan ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Tsoho, bar wa yarinya aikinta." Kafin sati ya zagayo, mabuɗin labo na hannunta.

Abin da ke ci mini rai har yau ba kujerar ba ce, rufin asirin da ta yi mini ne, don dole kullum in gode mata. Tun ina yaro nake jin hassada ga mai rabo taki ce. Ban taɓa zaton ni zan kai takin har gona ba.