Ranar Da Na Tona Asirin Layar Baba

Ko da zan manta da ranar ɗaurin aurena (Allah Ya sa matata ba za ta karanta wannan ba), ba zan taɓa mantawa da Azahar ɗin wata Asabar ba, ranar da na tsaya a sahun farko bakina gum, amma muryata tana kurma ihu daga zauren gidanmu.

Bari in ɗauko muku daga tushe. Mahaifinmu, wanda muke kira Baba, mutanen unguwa kuma su ce Malam, shi ne limamin ɗan masallacin da ke manne da zauren gidanmu a Kusfa. Ya haura saba'in, yana da hawan jini, yana da ciwon suga, ga kuma taurin kai wanda ya fi su biyun ba mu wahala. Shekara biyu da suka wuce jiri ya kwashe shi a banɗaki, ya daɗe a kwance kafin wani ya ankara. Daga nan ne Yaya Binta, babbar yayarmu, ma'aikaciyar jinya da ke aure a Tukur-Tukur, ta kawo wata 'yar na'ura da ake ratayawa a wuya. Idan mai ita ya faɗi, sai ta sanar da wata kwamfuta da aka ajiye a ɗakin Baba, kwamfutar kuma ta tura saƙo wayar Yaya da tawa. A kwamfutar nan dai ake adana awon jininsa da na sugansa na kullum.

Sai da aka yi wata uku ana lallashi kafin Baba ya yarda ya rataya ta, kuma da sharaɗi.

"Zan saka layar nan taki, Binta," in ji shi, "amma a ƙarƙashin riga. Ranar da wani a unguwar nan ya san ina yawo da ita, ranar zan cire, kuma in na cire na cire ke nan."

Ba ya so a fara cewa liman ya tsufa, a dinga miƙo masa kujera a masallaci. Muka ce mun ji, mun amince. Shekara biyu cur laya tana ɓoye, ko ladan bai sani ba.

To, ni fa a gidanmu Injiniya ake ce mini. Ba wani karatun injiniya na yi ba, kwas ɗin kwamfuta na wata uku na taɓa yi, kuma a ofishinmu da ke unguwar Kongo ni ake kira in takarda ta maƙale a firinta. Amma sunan ya shiga kaina sosai. Kullum na shiga gaida Baba na ga tsohuwar kwamfutar nan, tana gurnani kamar injin markaɗe, sai in ji raina ya ɓaci. Ya za a yi gidan da Injiniya yake a ce wannan ce ke gadin ran mahaifinsa? Na daure na sayo sabuwa fil, siririya, ko tari ba ta yi.

Na kira Yaya Binta ina zumuɗi na ba ta labari. Ta yi murna, ta sa albarka, sannan ta ce, "Amma don Allah kar ka taɓa komai sai na zo ranar Lahadi. Ka ji ko? Kar ka taɓa komai."

Na ce, "Haba Yaya, sai ka ce yaro."

Asabar da hantsi na taɓa komai.

Nufina in ta zo Lahadi ta tarar an gama aiki, ta riƙe baki, ta ce lallai ƙaninta ya iya. Baba yana zaure yana ba da karatu, ni kuma na baje a ɗakinsa, na cire wannan waya na soka waccan, har da 'yar waƙata. Ana cikin haka sabuwar kwamfuta ta tambaye ni ko ina so a kwaso tsohon saitin da ke cikin tsohuwar. Na yi dariya ni kaɗai. Tsohon saiti a sabuwar kwamfuta? Ai kamar a ɗinka sabuwar shadda ne a ɗora mata tsohuwar hula. Na danna a'a da ƙarfina. Awon jini da na suga kawai na kwashe, sannan na goge tsohuwar kwamfutar tas, don na yi wa matata alƙawarin za ta dinga kallo a kanta.

Da a nan na tsaya, da wataƙila abin ya zo da sauƙi. Amma ina! Daɗi ya riga ya kwashe ni. Na ce wai ma don me mutum biyu kacal za a dinga tura wa saƙo? In ina Kongo, Yaya tana wurin aiki fa? Na shiga zuba lambobi: kawunnai, gwaggonni, 'ya'yan baffanni, maƙwabta, ɗaliban Baba, ladan, har da mai shagon bakin layi. Na tuna da sharaɗin Baba kuwa, amma sai na ce ai shekara biyu bai faɗi ba, saƙon ba zai taɓa fita ba sai ranar da ake bukatarsa da gaske (kun ji hankali irin na injiniyoyi). Na kuma ɗauko wata lasifika da ta daɗe a ɗakina, na maƙala ta a saman ƙofar zaure, na haɗa da kwamfutar. Sannan na naɗi muryata da kaina, wadda za ta dinga fita in an samu matsala. Sau huɗu ina sakewa don in samu muryar da ta fi tayar da hankali.

Aka kira Azahar. Na yi alwala ina jin kaina kamar wanda ya harba roka, na shige sahun farko, daidai bayan Baba.

Kun san Azahar a asirce ake karatu, masallaci tsit, sai ƙarar fanka. Muka yi ruku'u lafiya, muka ɗago lafiya. Baba ya yi kabbara ya tafi sujada. Goshinsa na taɓa ƙasa, sai na ji wayata ta yi zir a aljihu. Na kusa da ni tasa ta yi ƙara. Na bayana ma. Kafin in ankara masallaci ya kaure, wannan wayar na kukan tsuntsu, waccan na ƙararrawa, wata can baya tana sallama da muryar jarirai. Sai kuma daga saman zaure, da iyakar ƙarfin lasifika, na ji wata murya mai rawa, cike da tashin hankali:

"Jama'a a kawo agaji! Malam ya faɗi! Jama'a a kawo agaji!"

Wallahi da farko har tausayin mai ihun na ji, kafin na gane ni ne.

A cikin sujadar nan komai ya warware mini. Na'ura ba ta san sujada ba. Ita dai ta ga dattijo yana tsaye, ta ga ya kai ƙasa, shi ke nan. Baba ya ɗago, lasifika ta yi shiru. Ya koma sujada ta biyu, na sake ɓarkewa da ihu daga zaure. Nan take na yi lissafin da ban taɓa yin mai ɗacinsa ba: raka'a huɗu, sujada bibbiyu, saura shida. Ga shi ba dama in yanke salla in ruga, ina sahun farko, kafaɗa da kafaɗa da dattawan da suka halarci sunana.

Abin bai tsaya nan ba. Ashe sabon saiti yana kunna wata jar fitila a jikin layar. Baba kuwa farar riga ce a jikinsa, mai shara-shara. Da muka miƙe raka'a ta biyu, sai ga jan haske yana walƙiya ta cikin rigar liman, ɓal, ɓal, ɓal, har yana haska bangon gabas. Asirin shekara biyu ya tonu a gaban sahu uku.

Baba dai ko gezau, bai ƙara sauri ba, bai rage ba. Sai dai na lura a raka'a ta uku ya gane abin da ke faruwa, domin a hankali ya dinga sauka, a hankali, kamar mai ajiye tiren ƙwai. Na riƙe numfashi ina addu'a a zuci. Goshinsa ya taɓa ƙasa.

"Jama'a a kawo agaji!"

Wani a sahun baya ya saki wani irin tari wanda kowa ya san ba tari ba ne. Kafaɗar Alhajin da ke damana ta fara rawa. Ni kuwa gumi ya jiƙa ni har cikin singileti, ina roƙon Allah Ya sa ƙasa ta buɗe a wannan sujadar in wuce kawai.

Kafin a yi tahiya, waje ya cika. Ina jin gudun mutane, ina jin burkin babura, ina jin salatin mata. Sama da kowa kuma muryar Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba da ke layin bayanmu, tana kuka tana cewa, "Wayyo Yaya Malam! Sau bakwai! Wane irin ciwo ne wannan mai ka da mutum sau bakwai?" Tana rufe baki ta takwas ta fita.

Baba ya yi sallama. Masallaci ya yi tsit, babu wanda ya ko ɗauko carbi. A hankali sahu uku suka juyo, duk idanu a kaina. Ga Gwaggo a bakin ƙofa da takalmi ƙafa ɗaya, hannunta duk ƙullin dawa, tana kallon yayanta zaune lafiya lau, ƙirjinsa na walƙiya.

Ladan ya gyara murya ya ce, "Injiniya, ashe kana da murya haka, ka bar ni ina fama da kiran salla ni kaɗai?"

Masallaci ya fashe da dariya, har da masu kwanciya. Baba ne kaɗai bai yi ba. Ya sa hannu cikin riga, ya ciro layar ta kansa, ya kamo hannuna ya danƙa mini, ya tashi ya shige gida. A nan dariyar ta fita daga kaina gaba ɗaya, tsoro ya kama ni. Na san Baba, in ya ce ya cire, ya cire.

Ba a jima ba motar Yaya Binta ta tsaya, ta fito da zanen girki da jakar aikinta, idanunta jawur. Da ta ga Baba lafiya sai ta zauna a ƙasa ta yi hamdala, sannan ta juyo kaina.

"Ina tsohon saitin?"

Na ce na bar shi a tsohuwar kwamfuta.

"To, kunno ta."

Na ce na goge.

Ta dafe kai. "Ka san mene ne a ciki? Sati biyu na yi a gidan nan, duk sallar da Baba ya yi sai na danna wa kwamfutar cewa wannan ba faɗuwa ba ce, har ta koyi bambanta sujada da faɗuwa. Shi ka goge, Injiniya."

Muka durƙusa gaban Baba, ni ina ba da haƙuri, Yaya tana hawaye tana tuna masa ranar banɗaki, Gwaggo tana taya mu da zagina. Baba ya bar mu muna ta roƙo har na fidda rai. Can ya dube ni.

"Kai ka kawo mini baƙuwar da ba ta san salla ba, kai za ka koya mata. Ka rataya layar nan a wuyanka sati biyu, salloli biyar, sahun farko. In ta koya, sai mu yi magana."

(Shekara ashirin Baba yana fama da ni a kan jam'in Asuba. Na daɗe ina zargin tun a raka'a ta uku ya tsara wannan hukuncin.)

Yaya ta kwance lasifikar da hannunta, ta share lambobin nan duka, ta bar tata kaɗai. Sannan ta ƙara nata hukuncin: tunda Baba zai yi sati biyu ba na'ura, ni ne na'urar. Na ɗauki hutu a ofis. In Baba ya shiga banɗaki, ina zaune a kan kujera 'yar tsuguno a bakin ƙofa, jifa-jifa in ce, "Baba, lafiya?" Shi kuma ya amsa daga ciki, "Ban faɗi ba, kar ka tara mini jama'a." Yaran unguwa kuwa in sun hango ni sai su haɗa baki, "A kawo agaji!" Har yau mai shagon bakin layi da haka yake gaishe ni.

Ranar da sati biyu suka cika, bayan La'asar, na cire layar na miƙa wa Baba hannu biyu. Ya juya ta, ya sake juyawa. Sai ya rataya ta a wuya, a saman riga, a gaban kowa.

"Me ya rage a ɓoye?" in ji shi. "Kuma ranar nan na ga abin da ban zata ba. Ina raye na ga masu rugowa saboda ni, wata ma ko takalmi ba ta tsaya nema ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ka kawo mini sunayen duk waɗanda ka tura wa saƙon. Akwai waɗanda aka ce musu na faɗi har sau takwas, ban ga ƙeyarsu ba."

Na kai masa kuwa, kuma na ji an ce wasu kawunnai sun sha tambayoyi.

Abin da na koya? Yanzu duk kwamfutar da ta tambaye ni ko ina so a kwaso tsohon saiti, jikina na rawa nake danna e, ko da ban san abin da ke ciki ba. In Yaya ta ce kar in taɓa komai, hannuwana a aljihu suke wuni. Jam'in Asuba kuma ban sake fashi ba, domin ranar da na makara sau ɗaya, ana idarwa Baba ya sa ladan ya ɗauki lasifikar masallaci ya tambayi unguwa ko Injiniya ne ya faɗi.