Ranar da Na Ceci Cikin Kawu

Wata Kirsimeti a Kafanchan, lokacin ina neman auren Rahila, kawunta ya dawo daga Amurka da kwalba guda ta wata giya, wai "fel el". Ya fita sayen tsire, don da shi ake shanta. Ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya, ai ba giyar da ban sani ba. Na buɗe na kurɓa. Ƙamshin ɓawon lemu, ɗaci kamar shuwaka! Nan take na tuttular da ita a kwata.

Da ya dawo na ce, "Kawu, ta lalace a hanya. Na ceci cikinka."

Ya daɗe yana kallona, tsire a hannu. "Ɗana, ɗacin nan na ɗauko tun daga Amurka."

Sun dai ba ni Rahila. Amma har yau in na shiga gidan sai a ce, "Ku ɓoye kwalabe, Likita ya iso."