Rasuwar Gajera, Wuƙar Malam Rabe na Tamawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Malam Rabe na Tamawa, a ƙasar Kurfi, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar wuƙarsa, wadda aka fi sani da Gajera. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, a wata gona da ke bayan Barkiya, bayan doguwar jinya da kowa ya gani amma aka rasa yadda za a yi da ita. Ta cika a hannun mai ita, tana bakin aiki.

Marigayiyar haifaffiyar Kurfi ce. A rumfar wani maƙeri, Ɗanmusa, aka fitar da ita daga wani guntun sifirin mota, tun Malam Rabe yana da baƙin gemu. Ya je ne ran nan da niyyar sayen doguwa, irin wadda samari ke ratayawa don a gani. Ɗanmusa ya ƙyale shi ya gama ɗaga dogayen, sannan ya tambaye shi ko yaƙi za shi. Da ya ce a'a, gona za shi, sai maƙerin ya jawo wata 'yar ƙarama daga ƙarƙashin buzunsa ya ɗora masa a hannu. Ruwanta bai fi tsawon tafin hannu ba. Ƙarfenta ya ratsa ƙotar ƙirya har ƙarshe, ba ta naɗewa, ba ta da wata gaɓa da ƙasa za ta shiga ta cushe. Ɗanmusa ya ce masa doguwar wuƙa gida ake barinta saboda nauyi, ran da ake nemanta kuwa ba ta kusa. Wadda za ta yi wa manomi rana ita ce wadda zai manta tana jikinsa. Malam Rabe ya juya ta, ya ji ƙotar ta zauna masa kamar da hannunsa aka auna. Baduku ya ɗinka mata kube na jar fata, aka ɗaura ta a ƙugu, ƙarƙashin riga. Tun daga ranar ba su sake rabuwa ba sai in zai shiga wanka.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da haƙuri da rashin zaɓen aiki. Ta yanke igiya, ta feƙe turke, ta fere rake, ta fasa kankana a garakan rani na bakin madatsar ruwan Zobe. Ta sha cire ƙaya daga ƙafar jaki da ta mai jakin. Ta yi auren mangwaro a Tamawa, itatuwan suna nan ana shan inuwarsu. Ba a taɓa zare ta a kan ɗan Adam ba, ko da wasa. A 'yan shekarun nan da hanya ta lalace, har ana tare mutane a shinge ana lalube, masu dogayen wuƙaƙe sun sha tambaya, wasu sun dawo gida ba su da su. Ita kuwa, in an ɗaga rigar Malam Rabe aka gan ta, sai a yi murmushi a ce ya wuce.

Ba mai yawan magana ba ce. In za ta fito daga kube takan ce "sul," a hankali. Ranar Juma'a da safe kuma, in Malam Rabe ya zauna a ƙofar zaure ya ɗiga ruwa a dutsen washi, sai a ji ta tana "ƙyas, ƙyas, ƙyas," har matan cikin gida su san lokaci ya yi na ɗora ruwan wanka.

Amma abin da aka fi saninta da shi wani ne daban. Malam Rabe ba mahauci ba ne, sai dai kowa ya san ba ya fita ba wuƙa. Saboda haka in akuya ta ci leda ta faɗi, ko mota ta buge tunkiya, ko saniya ta kasa haihuwa ta galabaita, sunansa ake fara kira. Yakan iso yana haki, ya juya dabbar alƙibla, ya yi bisimilla. Dabbobin da Gajera ta tarar da sauran rai ta hana su zama mushe, ba wanda ya san yawansu. Gidaje da yawa sun ci nama da hawaye a idonsu, amma dai sun ci, sun kuma sayar da saura sun rage asara.

Ciwon ajalinta ya fara ne daga wannan washin na Juma'a. Shekara da shekaru dutse yana cinta kaɗan-kaɗan, har ruwanta ya rame, ya zama kamar ganyen dalbejiya. Daidai inda ƙarfe ya shiga ƙota ta yi wani siririn wuya. Hassana, matar Malam Rabe, ita ta fara lura. Ta ɗauke ta wata rana yana wanka, za ta yanka kuɓewa, ta ji tana lanƙwasa, ta ce masa wuƙar nan ta gaji, ya kamata ya nemo mata magajiya. Bai yi musu ba. Ya ɗauke ta ya kai Kurfi. Ya tarar da Ɗanmusa zaune a rana, idanunsa sun yi fari, zuga-zugin sun bushe a rataye, 'ya'yansa duk sun koma walda da gyaran babur. Tsohon ya shafa ta da babban yatsa daga tsini har ƙota, ya gane ta tun kafin a gaya masa. Ya ce ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa, kuma shi hannunsa ba ya iya riƙe guduma. Ya shawarce shi ya daina ba ta aiki mai nauyi.

Daga nan Malam Rabe ya fara zuwa Dutsin-Ma ranar kasuwa neman wata. Alhaji Mutawakkil, mai rumfar kayan ƙarfe, ya baje masa duk abin da yake da shi. Akwai masu naɗewa, masu ƙyalli kamar madubi; ya buɗe ɗaya ya rufe, ya ji gaɓar tana rawa tun ba a yi aiki da ita ba. Akwai masu ƙotar roba, da suka yi masa santsi a hannu tun kafin gumi ya zo. Akwai wata da ya yaba da kaifinta, sai ya ƙwanƙwasa ƙotar ya ji ƙarfen rabi ya tsaya. Wata kuma komai nata ya yi, amma ta yi tsawon da ba zai iya wucewa shinge da ita ba. Akwai wadda bayanta ke da haƙora kamar zarto, ya tambaya na mene ne, Alhajin ya ce shi ma bai sani ba, haka ake kawo su. Ya je ya sake komawa, har Alhaji Mutawakkil ya daina tashi in ya hango shi, sai dai ya nuna masa tabarma ya ce, "Malam, zauna ka duba, ka san inda suke." Kullum sai ya duba, ya yi godiya, ya hau mota ya dawo da Gajera a ƙugu. Hassana ta ce masa ba wuƙa yake nema ba, wannan ɗin yake nema tana sabuwa. Shi ma ya san gaskiya ta faɗa.

A kan haka ruwan farko ya sauka.

Malam Rabe yana da ƙanwa a Barkiya, Larai, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara da gona da bijiman huɗa biyu. Ɓarayin shanu sun kore ɗaya bara. Ɗayan da ya rage shi ne duk abin da take taƙama da shi: ana haɗa shi da na maƙwabcinta, a yi huɗar gonarsa, a yi tata. Ranar Talatar, Malam Rabe ya kai mata irin gero. Ba ta gida, aka ce tana gona, ya bi ta. Tun daga nesa ya hango ta a durƙushe, ga bijimin kwance a gabanta. Ashe bijimin ya tsinke igiya da sassafe ya faɗa cikin gyauro, wato tohon dawar bara da ke fitowa da ruwan farko, wanda in dabba ta ci da yunwa sai cikinta ya kumbura. Cikinsa ya yi kamar ganga, kumfa na fita a baki, ƙafafu na karkarwa. Malam Rabe ya ga irin wannan sau da yawa. Ya duba ido, ya san ba tashi. Ya gaya mata sai dai yanka, ko mahauta su sayi naman ta sami abin kama ɗan maraƙi. Ta ce ya yi.

Gonar tana da nisa da gari, ba kowa a kusa. Larai ta danne ƙaho, shi ya danne wuya da gwiwa, ya zaro Gajera, ya yi bisimilla. Ta shiga fatar, don kaifi kam ba ta taɓa rasa shi ba. Ba ta kai ga jijiya ba bijimin ya fizge kai da ƙarfin da ya rage masa. Abin da aka ji daga bakinta na ƙarshe shi ne "ƙas." Malam Rabe ya ga ƙota kaɗai a hannunsa.

Ruwan wuƙar ya yi tsalle ya faɗa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa da tushiyoyin kara. Su biyu suka hau tono da yatsu. Larai ba ta zo da lauje ba, shi ba shi da adda, kuma ko da gudu aka je gari aka dawo an makara. Bijimin yana numfashi sama-sama a bayansu, suna ji, ba wanda ya iya waiwaya. Da Malam Rabe ya laluɓo ƙarfen, bai tsaya neman tsumma ba, ya damƙe shi da tsirarar hannu ya koma kan wuyan ya ci gaba. Ƙarfen ya yanke tafinsa kafin ya yanke abin da ake so. Ya dai ƙarasa. Jinin da ya zuba a wurin, mafi yawa nasa ne. Na bijimin ya ɗan tsattsafo baƙi, ya tsaya.

Larai tana tsaye ta wajen kai, ba ta ganin wutsiya da ƙafafun baya. Ta ce, "Yaya, ya motsa?"

Su biyu ne kaɗai a gonar. Da ya ce ƙafa ta ɗan harba, wato yanka ya same shi da rai, ba wanda zai ƙaryata shi, kuma kafin azahar da mahauta sun iso da amalanke. Ya dubi ƙanwarsa, ya dubi gonar da ba a ja mata ko kunya ɗaya ba. Sannan ya ce:

"Bai motsa ba, Larai. Ya riga mu."

Ta gyaɗa kai. Ta kwance ɗankwalinta ta naɗe masa hannu, ta ɗaure da haƙori. Ba ta ce masa me ya hana shi sayen wata ba, ba ta kuma faɗa wa kowa haka ba har yau. Malam Rabe ya ce da ta faɗa, da ya fi samun sauƙi. Da yamma aka ɗaura wa bijimin igiya aka ja shi bayan gona.

Marigayiyar ta rasu ta bar kubenta, wanda har yanzu yake ɗaure a ƙugun mai ita, don ya ce in ya cire sai ya ji kamar bai sa wando ba. Ta bar dutsen washi, wanda shi ma ya rame tare da ita har tsakiyarsa ta yi kwari. Ta bar Malam Rabe da ɗinki a tafin hannu, da yatsu biyu da ma'aikacin asibiti ya ce sai a hankali za a ga ko za su lanƙwasa. Shekaranjiya tunkiyar wani ta faɗi a bakin rijiya, aka rugo kiransa bisa sabo. Ya miƙe, ya kai hannun hagu ƙugu, sannan ya koma ya zauna. Ya ce su yi sauri su nemi wani.

Iyalan suna godiya ga waɗanda suka riga suka zo gaisuwa. Suna kuma roƙon jama'a da a dakata da kawo masa wuƙaƙe. Waɗanda aka kawo suna cikin ƙwarya a ɗakin Hassana. Yakan sa a fito masa da su ya duba, ya yi wa masu su addu'a, ya ce a mayar.

Game da jana'iza: ba wanka, ba likkafani, ba salla, tunda ƙarfe ce da itace. Za a haɗa ruwan wuƙar da ƙotar a naɗe su a ƙyalle, a binne su ranar Asabar mai zuwa, da sanyin safiya, a gindin aduwar da ke kan iyakar gonar Larai a Barkiya. Masu tasowa daga Tamawa za su haɗu a ƙofar gidan Malam Rabe bayan sallar asuba. Ana roƙon duk mai zuwa ya taho da garmarsa ta hannu, domin ƙasa ta jiƙe, iri yana jira, kuma da an rufe ramin za a shiga huɗar gonar. Malam Rabe ba zai iya riƙe garma ba. Zai zauna a gindin aduwar, a nan zai karɓi gaisuwa.

Allah Ya ba shi haƙuri, Ya mayar wa Larai da alheri.