Ranar da Zurmi da Shinkafi Suka Ji Ni Ina Rarrashi

Farkon kafa jihar Zamfara, ni ke riƙe da rediyon oba-oba na asibitinmu a Kaura Namoda, muna magana da asibitocin Shinkafi da Zurmi. Na kafa wa abokan aiki doka irin ta matuƙan jirgin sama da masu ba su izinin sauka, yadda ƙanena ma'aikacin filin jirgi ya bayyana mini. Na farko, ka ambaci wanda kake kira. Na biyu, ka taƙaita saƙo. Na uku, ka saki maɓalli. Wanda ya kawo hira, na tsawata masa.

Wata safiya maiɗakina ta kawo ɗiyarmu ta fari da zazzaɓi, ta miƙo mini ita, ta tafi karɓar magani. A wajenmu, uba ko sunan ɗan fari ba ya faɗa gaban mutane. Na leƙa, ba kowa. Na rungume ta da abin maganar a hannuna, ashe na danne maɓallin.

"Yi shiru, Hadizata. Tantabarar Baba, ga ni nan." Har waƙa na yi mata sai da ta yi barci.

Ina sassauta hannu, sai muryar Malam Isa, dattijon da ke riƙe da rediyon Zurmi: "Kaura, Zurmi ce. Mun ji saƙo. Allah shi ba Tantabara lafiya."

Shinkafi ta ce amin.

Yau Hadiza tana da nata 'ya'yan, amma in na shiga kasuwar Moriki, can ƙasar Zurmi, ba a rasa tsohon da zai ce, "Baban Tantabara, ya mai jiki?"